Me Ya Sa Muke Buga Waya Alhali Ba Dukanta Muke Yi Ba? Fashin Baƙi Kan Kalmar "Buga"

Akwai gardamar da ke yawan tasowa duk lokacin da aka zauna hirar harshe: shin daidai ne mutum ya ce "na buga masa waya"? Wasu na cewa gurɓatacciyar Hausa ce, wai "na kira shi" ita ce ingantacciya, tunda ba wanda ke maka wayarsa da ƙasa don zai gaisa da ɗan'uwansa. Wasu na zargin fassarar Turanci ce ta shigo mana ta bayan gida. A 2022 kuma, da waƙar nan mai suna Buga ta Kizz Daniel da Tekno ta cika gari, sai gardamar ta sake salo: wasu suka tsaya kai da fata cewa kalmarmu aka ɗauka, wasu suka ce ai mu ne muka aro tun farko.

Duk ɓangarorin sun cakuɗa tambayoyi biyu da ya kamata a raba. Daga ina ita kanta kalmar ta fito? Daga ina kuma tarin ma'anonin da ke goye a bayanta suka fito? Amsoshin ba ɗaya ba ne.

Ma'anar da komai ya tsiro daga gare ta

Asalin bugu shi ne abu ya haɗu da abu da ƙarfi, cikin gaggawa, yawanci har a ji ƙara. Kafinta ya buga ƙusa. Manomi ya yi bugun shinkafa don ƙwayar ta rabu da zangarniya. Yaro ya buga kansa da bango.

Wanda ke son ya ga wannan ma'ana da idonsa, ya leƙa wurin mabuga a Kano, kusa da marinar Ƙofar Mata, ko a garin Kura. Za a ninke shadda a yayyafa mata ruwa, a shimfiɗa ta a kan gungumen itace mai santsi. Mutum biyu suna zaune suna fuskantar juna, kowa da mabuginsa mai nauyi. Wannan ya sauke, wancan ya ɗaga, ba sa taɓa karo, sautin yana tafiya kamar kiɗa har sai ka ji shi a ƙirjinka. Ana bugu ana jan yadin kaɗan-kaɗan, kafin a gama ya kwanta lif yana ɗaukar ido. Haka ake buga shuni a jikin rawani da turkuɗi har su yi wannan baƙin mai sheƙi da Buzaye ke so. Baturen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar rini da saƙa su ne ƙashin bayan arzikin birnin. Idan marubuciya ta ce wani ya fito cikin "bugaggiyar shadda", ga inda zancen ya samo asali.

A lura da abu guda a nan, domin zai yi mana amfani a gaba: a wurin mabuga, bugu ba cutarwa ba ne, sana'a ce, hanyar samar da abu ce. Wannan ne ya bambanta buga da 'yar'uwarta doka. Duka ya fi karkata ga azabtarwa. Ana lakaɗa wa ɓarawo duka, ana cewa an bar jaki ana dukan taiki. Amma ba a dukan littafi a maɗaba'a, ba a dukan bulo. Ita kuwa kaɗa ta fi son abin da ke maimaituwa ko jujjuyawa: kaɗa ganga, kaɗa nono, iska ta kaɗa ganye, kuma daga gare ta aka sami kiɗa da makaɗi. Ƙwanƙwasa ta riƙe ƙaramin bugu a kan abu mai tauri, ko ƙofa ko tukunya don a ji ko ta tsage. Sauran kuwa kowace da wurinta: mari a kunci, naushi da dunƙulen hannu, ranƙwashi a ka, dundu a baya, shuri da ƙafa, tsula bulala. Hausa ba ta ƙarancin kalmomin duka. Buga ce dai ta fi su faɗin gida, shi ya sa duk baƙon da ya zo a ɗakinta ake sauke shi.

Tushe ɗaya, riguna iri-iri

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne yadda kalmar ke sauya ƙarshenta. A 1960 masanin Hausa F. W. Parsons ya fito da tsarin da ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, bisa wasalin ƙarshe da karin sauti, tsarin da har yau ake koyarwa a jami'o'inmu. Buga tana shiga yawancin waɗannan azuzuwa, kuma kowane da abin da yake ƙara mata.

Idan aka ce "ya buga masa sanda", sandar ce aka kai wa wani. Idan aka ce "ya bugi jaki", jakin ne ya sha. "Ya buge ƙura daga rigarsa" na nuna an kawar da abu gaba ɗaya, haka "mota ta buge shi", wanda Bakano zai iya furtawa "bige". "Ya bugo mini" na nuna aikin ya nufo inda mai magana yake, shi ya sa ni na buga maka, kai kuma ka bugo mini. "Ƙwaya ta bugar da shi" na nuna ita ce sanadi. "Ya bugu" kuwa na nufin aikin ya kama shi sosai, ko shadda ce ta sha bugu yadda ya kamata, ko mashayi ne ya yi tatul. Idan aka ninka gaɓar farko aka ce bubbuga, sai ƙarfin ya ragu, yawan ya ƙaru: uwa na bubbuga bayan jariri don ya yi barci. Kalmar da za ta iya kashe mutum a kan titi ita ce ke lallashin jinjiri.

Akwai tarko a rubuce. "Ya buge shi" kalmomi biyu ne daban a baki. Idan muryar ta fara ƙasa ta hau sama a kan "buge", an kai masa bugu ne kawai. Idan ta fara sama ta sauko, an kayar da shi ko an banke shi. Kunne na rarrabewa nan take, amma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti.

Daga ina kalmar ta fito?

Hausa na cikin iyalin harsunan Cadi, waɗanda suka haura 150, ana magana da su a arewacin Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi. Mafi kusa da ita ita ce Gwandara, sannan irin su Bolanci da Angas. Shi kuma iyalin Cadi reshe ne na babban dangin da ya haɗa da Larabci da Ibrananci da harshen Buzaye da tsohon harshen Masar, kamar yadda Joseph Greenberg ya tsara a rabe-rabensa na harsunan Afirka a 1963. Saboda haka kalmar Hausa kan zo ta ɗayan hanyoyi biyu: gado ko aro. "Mutu" gado ce, kamanninta da kalmar mutuwa ta Larabci na kaka ɗaya ne. "Wallafa" da "fassara" aro ne daga Larabci. "Waya" da "mota" aro ne daga Turanci.

Buga tana sahun kalmomin gida. Larabci na cewa daraba, Faransanci da Turanci kuma nasu kalmomin ko kusa ba su yi kama da ita ba. Tana cikin tsofaffin ƙamusoshin Hausa, na Robinson na 1899 da na Bargery na 1934, da ma'anarta ta duka. Ga ta kuma ta yi 'ya'ya da jikoki ta kowace fuska: bugu, mabugi, mabuga, bugagge, buge-buge, buga-buga. Sannan tana cikin rukunin kalmomin da harsuna ba su cika aro ba, irin su ci da sha da zo da mutu, domin ba al'ummar da ke jiran baƙo ya zo ya koya mata sunan duka.

To waƙar fa? A bakin Yarbawa, buga na nufin taƙama, mutum ya buɗe kafaɗa ya nuna isa. Mai so zai ce ai mu ma muna buga ƙirji. Amma kamannin sauti shi kaɗai ba hujja ba ne a ilimin harshe. Kalmar "hannu" da takwararta ta Turanci, "hand", sun yi kama a kunne, ma'anarsu ɗaya, kuma ba abin da ya haɗa su sai dace. Kafin a ce wannan harshe ya ari kalma daga wancan, sai an nuna hanyar da ta bi da lokacin da ta bi ta. Abin da ke gabanmu a fili shi ne Bahaushe bai jira wata waƙa ba kafin ya san bugu.

Abin da ya shigo ta zauren malamai

A nan ne zancen ya fi daɗi a wurina. Akwai aron da ba a ganinsa, wato a bar kalmar baƙo a waje, a ɗauko ma'anarta a ɗora wa kalmar gida.

Ɗauki "buga misali". Me ya haɗa misali da bugu? A Hausa zalla babu. Amma a Alƙur'ani, a Suratu Ibrahim aya ta 24 da Suratun Nahli aya ta 112 da wasu wurare da dama, an zo da lafazin daraba tare da masalan. Malamin zaure kuwa fassararsa kalma da kalma ce, yana karantawa almajiri na bi: daraba, ya buga, masalan, misali. Ƙarni bayan ƙarni ana jin haka a tafsirin azumi har kunne ya saba, ya zama Hausa. Tarjamar Sheikh Abubakar Gumi ma "Allah Ya buga misali" ta ce. Yau ɗan siyasa zai buga misali da ƙasar Sin, bai san daga allo ya gaji lafazin ba.

Haka "bugun ƙasa". Larabawa na kiran wannan duba darbur ramli, wato bugun rairayi, domin mai yi yana dangwala yatsa a yashi yana jera ɗigo-ɗigo, daga nan ya fitar da siffofi 16 da yake fassarawa. Malamai sun yi hani da shi, amma sunan ya zauna. Abin sha'awa, masu Swahili a gabashin Afirka, waɗanda su ma suka daɗe da cuɗanya da Larabci, suna cewa piga ramli, kuma piga ita ce buga tasu.

Sai dai Hausa ba komai ta kwasa ba. A Suratun Nisa'i aya ta 101 da Suratul Muzzammil aya ta 20, daraba a cikin ƙasa na nufin tafiya, daga nan ne ma aka sami sunan mudaraba a fiƙihun kasuwanci. Bahaushe bai karɓi wannan ba, ya ci gaba da cewa tafiya da fatauci. A lissafin Larabci darbu shi ne ninkawa, mu kuwa muka tsaya a kan "sau". Harshe na tacewa, abin da ya dace da bakinsa shi yake riƙewa.

Wayar tangaraho da ƙarfen bariki

Yanzu ga amsar tambayar da muka buɗe zancen da ita, ta "na buga masa waya". Wayar da Bahaushe ya fara sani ba ta magana. Tangaraho ce, wadda Samuel Morse ya aika saƙon farko da ita tsakanin Washington da Baltimore a Amurka a 1844. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sai turakun waya suka bi barikokinsu, suka kuma bi layin dogo da ya iso Kano a 1911. Mutum zai je gidan waya ya faɗi saƙonsa a taƙaice, domin da yawan kalmomi ake biya. Ma'aikaci ya zauna gaban wani ɗan ƙarfe mai maɓalli, ya riƙa bubbuga shi da yatsa, gajere da dogo, gajere da dogo, can a wani gari wani na saurare yana mayarwa haruffa. Wanda ya tsaya yana kallo, me zai ce ana yi? Ana buga waya. Ba ƙarin gishiri a ciki, abin da ido ya gani ne baki ya faɗa.

Da tarho ya zo, sai ya gaji lafazin. Da wayar salula ta shigo Najeriya gadan-gadan a 2001, ita ma ta gada, alhali ba igiyar waya a jikinta balle bugu. Masu cewa fassarar Turanci ce sun yi kuskure, domin Bature kira yake cewa, ko kaɗa ƙararrawa. Waɗanda suka yi tunani irin namu su ne masu Swahili da ke cewa piga simu, da Faransawa da ke kiran buga tarho coup de fil, wato bugun zare, lafazin da 'yan'uwanmu na Nijar suka sani sarai. Saboda haka "na buga masa waya" Hausa ce tsararriya mai shekara fiye da ɗari. "Na kira shi" ma daidai ce, sai dai ba ta fayyace ko da baki ne ko ta waya.

Irin wannan tarihin ne ke cikin "ƙarfe nawa?" Kafin agogo ya yawaita, ƙarfe ake ratayewa a bariki ko ofis, a buga shi sau adadin sa'ar da aka kai. Wanda ya yi firamare inda ake rataye tsohon ƙarfen taya a reshen bishiya, ɗan aji shida ya zo ya kwaɗa masa guntun rodi a fita tara, ya ga ragowar wannan al'ada. Shi ya sa har yau ƙarfe goma "ke bugawa", ko da agogon na cikin waya ne.

Bugun littafi shi ma ido ne ya raɗa masa suna. Tun kafin Turawa, sarakuna na buga hatimi a kan wasiƙa. Da injin ɗab'i ya zo, ana jera haruffan dalma a shafa tawada a danna kan takarda, sai aka ga ai babban hatimi ne. Aka ari "ɗab'i" da "maɗaba'a" daga Larabci, amma aikatau ɗin ya tsaya buga. Haka aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945. Daga nan muka sami bugun farko da bugu na biyu. Akawu ya zo yana buga takarda da tafireta, gwamnati na buga kuɗi, kamar yadda aka buga sababbin takardun naira a ƙarshen 2022. Kalmar tambari ma ta haɗa biyun: gangar sarauta ce da ake bugawa, kuma alama ce da ake bugawa a kan takarda.

Nan akwai abin da nake jin ciwonsa. Wallafa aikin mai tsara littafi ne, buga aikin maɗaba'a. Marubuci ya wallafa, kamfani ya buga. Yanzu an wayi gari wanda ya kwafo hoton wani ya ɗora a Facebook ma "ya wallafa". Idan muka bar wallafa ta haɗiye komai, za mu rasa kalmar da ke bambanta mai haƙƙin aiki da mai yaɗa shi.

Inda bugun ya zama ƙarfin magana kawai

A wasu wuraren ba abin da ya taɓa wani abu. An buga tsalle, an buga ihu, an buga tsaki, an buga tagumi, an buga sammako, matashi ya buga wanka. Cire buga ka sa "yi", ma'anar na nan, amma zafin ya tafi. Bugun ciki dabara ce ta jawo magana daga bakin mutum ba tare da ya farga ba. Buga-buga ita ce fafutukar mai neman na tuwo, yau nan gobe can. An buga gangar siyasa, 'yan takara sun shiga buga-in-buga. Masu sharhin ƙwallo a rediyo kuwa sun yi mana kyauta da bugun kusurwa da bugun tazara da bugun daga kai sai mai tsaron gida, wanda ya fi kalmar Turancin bayyana halin da ɗan wasa ke ciki.

Inda faɗin kalmar ke iya cutarwa

A hira, yalwar ma'ana ado ce. A asibiti da kotu, tana iya zama haɗari.

"Bugun zuciya" a bakin mutane na ɗaukar abu huɗu. Akwai bugawar lafiya, wadda ga baligi a zaune take tsakanin 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Akwai zuciya ta riƙa dukan uku-uku saboda tsoro ko ƙarancin jini ko wata cuta. Akwai toshewar jijiyar da ke kai wa tsokar zuciya jini, mai zuwa da nauyi ko matsi a ƙirji da gumi, wani lokaci ciwon ya sauka hannu ko muƙamuƙi. Akwai kuma zuciya ta tsaya cak mutum ya yanke jiki ya faɗi. Labarai kan ce wane ya rasu "sakamakon bugun zuciya" ba tare da an san wanne ake nufi ba. Sannan ga "bugun jini", wanda wani ke nufin abin da likita ke ji a wuyan hannu, wani kuma ke nufin shanyewar ɓarin jiki, ciwon da a ƙwaƙwalwa yake faruwa idan jijiya ta toshe ko ta fashe. Dattijuwar da ta ce wa jikanta "zuciyata na bugawa" tana iya nufin damuwa, tana iya nufin abin da ke bukatar a kai ta asibiti a cikin sa'ar. Wanda ke tare da ita ya tambaya: ciwo ne ko sauri? Yaushe ya fara? Akwai gumi ko sarƙewar numfashi? 'Yan jarida kuma su daure su ce "toshewar jijiyar zuciya" ko "tsayawar zuciya" idan sun san wanne ne.

A kotu, shaida zai ce "ya buge shi". Tafinta ko mai rubuta bayani a ofishin 'yan sanda zai mayar da shi Turanci ko ya rubuta shi da boko, karin sautin ya ɓace. Da hannu ne ko da babur? Da gangan ne ko tsautsayi? Tazarar da ke tsakanin waɗannan ita ce tazarar da ke tsakanin hukunci da hukunci, kuma talakan da ba shi da lauya shi ya fi shiga wannan rami.

Gilashin waya bai karɓi bugu ba

Abin lura na ƙarshe shi ne sabuwar na'ura ba ta bi sawun tsofaffin ba. Taɓa gilashin waya da yatsa ya fi komai kama da aikin ma'aikacin tangaraho, amma ba wanda ya ce "buga nan don karanta labari". Latsa da danna suka karɓi aikin, shafa ta ɗauki jan shafi sama da ƙasa, saƙo kuma tura shi ake yi. Dalilin a bayyane yake: gilashi ba ya ƙara, kuma ba ya son ƙarfi, buga kuwa tun asali da ƙarfi da ƙara aka san ta. Ta riƙe abin da ta riga ta gada kawai. Yarinyar da aka haifa bayan 2010, wadda ba ta taɓa shiga gidan waya ba, za ta latsa lambar mahaifiyarta, ta kara a kunne, ta ce, "Umma, tun ɗazu nake bugowa ba ki ɗauka ba."